Saƙo Goma Sha Bakwai Daga Dembe

Wata ɗaya Alhaji Abdulgani ya ba ni. A tsaye ya faɗa, makullin mota a hannunsa, ko zama bai yi ba: in na haɗa masa abin nan ya yi aiki kafin Juma'ar ƙarshen wata, zai ɗauke ni aiki na dindindin, in kuwa bai yi ba, kowa ya kama gabansa, ba faɗa ba rigima. Na ce masa tamam, na yarda. Shekara biyu ke nan da na gama karatun kwamfuta ina zaune a gida a Gardole, ina gyara wa maƙwabta waya, ina jin ana cewa wai Fadila 'yar mahauta ta je ta karanto abin da ba ya shiga tukunya. Wallahi ko mako ɗaya ya ce, da na karɓa.

Kamfaninsa a Milezi yake, gyaran firiza da ɗakunan sanyi suke yi. Masu gyara huɗu ne, babbansu Ɗayyabu, wani dogon mutum mai furfura a gemu wanda wayarsa ba ta san hutu ba. Duk wanda injinsa ya tsaya Ɗayyabu zai kira, shi kuma ya rubuta a bayan kwalin shayi, kwalin ya ɓata, a zo ana rantse-rantse kan wa ya fara kira. Abin da Alhaji yake so shi ne manhajar bin sawun koke. Mai matsala ya buɗe shafi a wayarsa ya aiko, koken ya samu lamba, wato tikiti, kowa a ofis ya ga wa aka ba, yaushe aka je, yaushe aka rufe. Manhajar akwai ta a shirye, ba ni na rubuta ba. Aikina shi ne in yi mata mazauni, in haɗa sabar da za ta ɗauke ta, ta tsaya da ƙafarta dare da rana.

Sabar dai sunan ne babba. Wata tsohuwar kwamfuta ce aka ba ni, aka ajiye ta a ɗakin ajiya tsakanin tulunan gas, a watan Afrilu, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Na share ta tas na sa mata sabon tsari. Na kafa ma'ajiyar bayanai, na ɗora manhajar, sannan na sa mata mai tsaron ƙofa a gaba, wato ɓangaren da ke karɓar duk abin da ya fito daga wayoyin mutane, ya duba, ya miƙa ciki. Kwana huɗu na yi ina sintiri kafin masu intanet su buɗe mini hanyar da za a riƙa shigowa daga waje. Kwana biyu kuma suka tafi a kan ɗan kwaɗon nan da ke fitowa a saman shafi don a san an kulle shi da kyau. A tsakani wuta ta ɗauke sau ba adadi, kowane ɗaukewa sai in tashi a guje in ga ko baturi ya riƙe. Ban iya zama minti goma a kujera ɗaya ba. Ɗayyabu ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai aikin zaune da ta fi masu aikin tsaye cin takalmi ba.

Abu ɗaya na yi da nake taƙama da shi. Rabin masu hulɗa da kamfanin otal-otal ne da kantunan magani, su za su rubuta da Faransanci abinsu. Ɗaya rabin kuwa mutanena ne, mahautan kasuwar Dembe, kuma na san su kamar tafin hannuna: hannun da ke cikin nama tun asuba ba zai tsaya latsa haruffa ba. Saboda haka na kunna musu maɓallin murya. Ka danna, ka faɗi damuwarka, ka saki. Na gwada da kaina ya fi sau hamsin. In ce, "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu," in saki, in ga ya faɗo a allon ofis kafin in ajiye wayar. Na ce lallai Fadila kin iya.

Ranar Asabar kafin makon ƙarshe na je Dembe da kaina don in sa wa kowa shafin a waya. Kowane mahauci na ba shi tasa lambar, don in saƙo ya zo mu san na wane ne. Tsiya kam na sha ta. Wani ya ce in abin ya iya fiɗa ma a sa masa. Wani ya tambaya ko in ya gaya wa wayar, wayar ce za ta hau babur ta zo. Ina dariya, amma ta saman leɓe ce kawai.

Baffa Ya'akubu ne ya kashe maganar. Shi ne yayan mahaifina, shi ne kuma dattijon layin, yana da ɗakin sanyi mafi girma a wurin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina goye bai taɓa kama sunana ba, sai dai Uwata. Shi ya tsaya mini lokacin da dangi suka ce karatun ya isa haka. Ya goge hannu a jikin riga ya miƙo wayarsa, ya ce a fara da shi. Lamba ɗaya na ba shi. Na nuna masa sau biyu ya gane, har ya fi samarin saurin ganewa.

Sai na roƙe shi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ce masa in shi ya kira Ɗayyabu a waya ko sau ɗaya ne, kowa zai kira, abin ya mutu tun bai tashi ba, ni kuma aikina ya tafi. Ya dube ni, ya dubi mutane, ya kama gemunsa.

"Ku shaida," ya ce. "Daga yau ba na kiran kowa. Ta hanyar Uwata zan bi."

Na koma gida ranar kamar an ba ni kujerar Makka.

Litinin muka buɗe. Kafin azahar tikiti shida sun shigo: otal biyu, kantin magani uku, da wani gidan abinci a bakin kogi. Ɗayyabu ya tsaya a bayana yana kallon allo, ya ce to, ba laifi. Daga Dembe ko ɗaya babu. Na ce ranar farko ce.

Talata ma haka. Tikiti tara, duk rubutattu, duk da Faransanci. Na leƙa ɗakin ajiya na taɓa jikin sabar, da zafi amma tana numfashi. Na fita waje na kashe intanet ɗin ofis a wayata, na shiga da rezo, wato intanet ɗin layin waya irin na kowa, na ce gwaji gwaji, ya faɗo. Na je har bakin titi na sake, ya faɗo. Na buɗe rajistar manhajar, inda take rubuta duk abin da ya same ta, ban ga ko ɗigon kuskure ba. To me ya rage? Na zauna, na tashi, na sha ruwa, na sake zama.

Da la'asar Ɗayyabu ya zo yana sosa ƙeya. Ya ce mutum biyu daga Dembe sun kira shi a ɓoye, sun ce sun aika ta wayar tun jiya, shiru. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce masa ƙarya suke, ko dai ba su danna ba, ko sun danna sun fasa, don ni na gwada sau hamsin. Na ce dama na sani, ba za su taɓa yarda 'yar da suka gani tana tallan ƙashin miya ta zo ta koya musu abu ba. Ya je ya gyara wa mutum biyun, bai sa a allo ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Laraba da safe ya sake zuwa. Ya ce shi fa abu ɗaya ke damunsa. A irin wannan zafin, da wutar da ke zuwa tana komawa kamar mai neman wani abu, ba a taɓa kwana uku Baffa Ya'akubu bai neme shi ba, don injin ɗakinsa tsoho ne. Ya ce ko ya biya ta can ya leƙa, tunda hanyarsa ce?

Na ce a'a. Na faɗa da ƙarfi ma. Na ce in ya fara zagayawa yana tambayar mutane, to me amfanin abin da na yi mako uku ina haɗawa? Wanda ke da matsala ya san inda maɓalli yake. Ɗayyabu ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi otal.

Da na koma gida da yamma mahaifiyata ta ce Baffana ya aiko yana tambayar lafiyata, ya ce ko aiki ne ya yi mini yawa. Ta ce in daure in biya in gaishe shi. Na yi tsaki a zuciyata. Na ce wato shi ma ya ga mutanensa sun watsa mini ƙasa a ido, yanzu yana so ya lallashe ni da baki. Na ce mata sai bayan Juma'a. Haushinsa nake ji fiye da na kowa, ba zan ɓoye ba, don ina ganin ko tari injinsa ya yi ai sai ya aiko don ya rufa mini asiri.

Alhamis da hantsi Alhaji ya kira ni ofishinsa. Na shiga ina jiran faɗa, sai na tarar da shi yana murmushi. Ya ce ya duba allon, masu otal sun yaba, wani ma ya kira shi musamman. Ya ce gobe bayan an sauko daga masallaci in zo in sa hannu a takarda. Batun mahauta kuwa, in cire shi daga raina, ba laifina ba ne. An kai musu ci gaba har gaban teburinsu sun ƙi, to shi ya gaji. Daga wata mai zuwa zai cire Dembe daga jerin waɗanda kamfani ke kula da su, kowa ya nemi mai gyaransa, shi zai tsaya da masu bin tsari. Ya ce in rubuto masa ɗan rahoto shafi ɗaya, a ajiye.

Na fito na samu abin da na shekara biyu ina nema, amma ƙafata ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na san abin da cire Dembe ke nufi. Masu gyaran ɗakin sanyi na kirki a garin nan ba su da yawa, kuma babu wanda ya san tsofaffin injinan layin nan kamar Ɗayyabu. Na ce wa kaina su suka ja. Na zauna rubuta rahoto.

Don rahoton ya yi kyau ne na ce bari in haɗa da shaidar cewa komai lafiya. Na kwafo rajistar manhaja, fes. Sai na tuna mai tsaron ƙofa ma yana da tasa rajistar daban, wadda tun ranar da na gama kafa shi ban sake buɗewa ba, tunda bai taɓa ba ni matsala ba. Na buɗe don in kwafi layi biyu.

Allon ya cika. Na gangara, na gangara, ba ta ƙare ba. Layi ɗaya ne ake ta maimaitawa, ya fi sau ɗari: wani ya yi niyyar aiko da abin da ya wuce girman da aka yarda, an mayar da shi. Kowane layi da lokacinsa, da girman abin da aka ƙi karɓa, da lambar mai aikowa. Duk lambobin Dembe ne.

Nan take na gane. Mai tsaron ƙofar yana zuwa ne da iyakarsa tun daga inda aka ƙera shi, mega ɗaya, in ba ka canza ba haka zai zauna. Na san da wannan, mun karanta, ni ce dai ban taɓa layin ba. Mega ɗaya a irin naɗin da shafin ke yi bai wuce magana ta minti ɗaya ba. Gwajina daƙiƙa uku ne. Kuma shafin, in aka mayar da saƙo, ba ya cewa komai, ɗan da'irar nan ce za ta juya ta juya ta koma wurinta kamar an karɓa.

Minti ɗaya. Ni da aka haifa a gidan fawa, na manta yadda mutanena ke magana. Wane bahaushen Dembe ne zai buɗe baki ya ce injina ya tsaya, bai yi sallama ba, bai tambayi kwana ba, bai tambayi gajiya da iyali da zafi da kasuwa ba, bai gaida maigida da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ba, ya juya ya maimaita rabi da Larabci don kada wani a ofis ya ce an bar shi? A wurinsu kai kuka ba gaisuwa rashin tarbiyya ne, ko da wuta ce ta kama. Minti ɗaya ko ƙofar gida ba su kai ba. Duk wanda ya gaishe mu, sabar da na haɗa da hannuna ta rufe masa ƙofa.

Na tace lamba ɗaya kaɗai, ta Baffa. Saƙo goma sha bakwai. Na farko Talata da sassafe, na ƙarshe yau da safe, ina cikin ofishin Alhaji ana yaba mini. Abin da ya fi kashe ni shi ne girmansu. Na farko mega biyu da ɗan kai. Na biyar ya kai uku. Na ƙarshe ya haura shida. Kullum ƙara tsawo yake yi.

Gyaran layi ɗaya ne. Na buɗe fayil ɗin tsari, na rubuta iyakar ta koma mega hamsin, na gwada, na sa mai tsaron ƙofa ya sake karanta umarninsa. Bai kai minti biyu ba. Na kira Ɗayyabu na ce ya bar duk abin da yake yi ya same ni a Dembe. Bai tambaye ni dalili ba. Na fita ko jaka ban ɗauka ba, na tari kilando, ɗan babur ɗin yana ta ce mini in bar matsa masa, ba shi ya sa motoci a hanya ba.

Tun daga bakin layin hancina ya gaya mini. Wanda ya tashi a gidan fawa ya san bambancin warin kasuwa da wannan. Ƙofar ɗakin sanyin Baffa a buɗe take, ruwa ya kwanta a gabanta, ga buhunan da aka naɗo ƙanƙara a ciki an jibge gefe. Mutum biyu da tsumma a hanci suna loda nama a amalanke, ya yi kore-kore, ƙuda kamar an kira su biki. Maƙwabcinsa ya ja ni gefe ya ce tun Talata da asuba injin ya tsaya, washegarin ranar da aka cika ɗakin da shanu huɗu. Baffa ya saye ƙanƙarar layin kaf, ya sayar da abin da zai sayu, ya ba masu kilishi abin da za su iya, ya raba wa maƙwabta abin da firizarsu za ta ɗauka. Sauran ga shi nan. Ya ce sun yi sun yi da shi ya kira Ɗayyabu, har wani ya latsa lambar ya miƙa masa, ya ture. Wai ya riga ya faɗa a gaban mutane.

Yana zaune a kan benci yana jan carbi. Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ya fara gaishe ni, tiryan-tiryan, ya gida, ya mahaifiyata, ya aiki, ya maigidan namu, ya zafi. Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa a cikin ruwan nan na ce masa laifina ne, saƙonsa bai taɓa isowa ba, ni na bar ƙofar a ƙuntace. Na yi masa bayani yadda zan iya.

Ya ajiye carbin a gefe. Sannan ya ce shi da ya ji shiru, ya ɗauka ko gaisuwar ce bai cika ba, mutanen ofis suka ji haushi, shi ya sa yake ƙarawa.

"Baffa, me ya sa ba ka kira ba? Ko ni ce ka kira."

"Ke ma ai kira ne, Uwata," ya ce. "In na karya, sai su ce abin naki ba ya aiki."

Ɗayyabu ya iso ya shiga bayan ɗakin. Wani ɗan ƙarfe ne ya ƙone, bai fi kwalbar turare ba, kuma akwai irinsa a jakarsa tun Litinin. Kafin a kira la'asar injin ya tashi yana gurnani, yana sanyaya ɗakin da ba komai a ciki. Ɗayyabu ya tattara kayansa ya wuce ni. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kafin in tafi na karɓi wayar Baffa. Naɗin ƙarshe yana nan bai goge ba. Na ce ya danna da hannunsa. Ya danna, da'irar ta juya, wannan karon lamba ta fito. Ya yi murna har da nuna wa maƙwabta, ya ce kun gani, dama ya gaya musu.

Daga nan zuwa azahar ɗin Juma'a ban san inda zan sa kaina ba. Ba wanda ya san abin da ke cikin rajistar nan sai ni. Ɗayyabu bai iya karanta ta ba, Alhaji bai san ma akwai ta ba, Baffa kuwa ko za a yanka shi ba zai kai ƙarata ba. In na yi shiru, gobe tikitin Dembe za su fara shigowa, a ce mahauta sun waye daga baya, ko kuma a ce sun makara. Na rubuta rahoton nan iri uku, na goge iri uku. Na share tsakar gida da aka riga aka share. Mahaifiyata ta ce in ba zan zauna ba in fita mata daga gaba, ina sa mata jiri.

Bayan an sauko daga masallaci na shiga wurin Alhaji. Takardar tana kan tebur, alƙalami a kanta. Na ce kafin in sa hannu akwai tikiti ɗaya da nake so ya ji. Na ajiye kwamfuta a gabansa na kunna.

Minti shida da ɗan kai. Baffa ya yi sallama, ya gaida Alhaji da sunansa da sunan mahaifinsa, ya tambayi iyali, ya gaida Ɗayyabu da sauran ukun kowa da sunansa, ya koma Larabci ya sake zagayowa. Ina kallon Alhaji, bai san lokacin da ya fara amsawa ƙasa-ƙasa ba, lafiya lau, alhamdu lillahi, afe, afe. Sai a minti na biyar Baffa ya ba da haƙurin damun da yake ta yi, ya ce ɗan injin nan ne ya tsaya yau kwana uku, in an samu sarari. Sannan ya ce:

"Uwata, in ke ce ke saurare, kada ki tsallake kowa saboda ni. Ki fara da manyan mutane, kada a ce kina fifita naki. Naman dai ya riga ya tafi, kada ki sa shi a ranki. Allah ya ba ki sa'ar gobe."

Da ya ƙare na nuna wa Alhaji rajistar, na gaya masa komai, har da abin da na ce wa Ɗayyabu ranar Laraba. Na ce mutanen Dembe ba su ƙi tsari ba, sun fi kowa binsa. Na roƙe shi kada ya cire su.

Ya ture kwamfutar gefe. Ya ce Dembe tana nan, shi da kansa zai je ya ga Malam Ya'akubu gobe. Ya ce layin da na manta ba komai ba ne, kowa yana mantuwa, shi ma ya taɓa ƙona injin otal guda a ƙuruciyarsa. Amma mutum biyu sun ce sun aiko na ce ƙarya suke, babban ma'aikacinsa ya ce zai leƙa na hana shi, wannan ne ba zai iya ɗora kamfaninsa a kai ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ja aljihun tebur ya mayar da takardar ciki, ya ce in rubuta wa Ɗayyabu kalmomin sirri da yadda ake tayar da sabar in wuta ta ɗauke.

Na rubuta, shafi biyu, da manyan haruffa. Na leƙa ɗakin ajiya, tana nan tana aikinta tsakanin tulunan gas. A allo tikitin Dembe har sun kai takwas, kowanne minti uku, minti huɗu. Abin yana aiki yadda na yi mafarkinsa, ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba.

Ina kan kilando mun kusa Gardole wayata ta yi ƙara. Ɗayyabu ne. Ya ce wani tikiti ya shigo yanzu daga lamba ɗaya, ya saurara har ƙarshe, ba maganar inji a ciki. Baffa ne yake gaida kowa, sannan yake tambaya ko Uwata ta sa hannu a takardar, don ya ajiye mata hanta da ƙoda na yankan yau. Ya ce shi bai san a wane layi zai sa wannan ba, kuma bai san me zai amsa masa ba.

Na ce ya bar shi a buɗe, ni zan kai amsar da bakina. Na taɓa kafaɗar ɗan babur na ce ya juya, Dembe za mu.